Noman da Ba na Gona Ba

Zuwa ga Shugaban sashen ƙarin ilimin ma'aikatan haƙori, a ofishinmu na Maraɗi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin wadda na ƙasa ke yi wa na sama, ina fatan kana lafiya, da iyali, da fama da jama'a. Na gaishe ka ne don haka iyayena suka hore ni, ba don zuciyata ta so ba. Gara ka san wannan tun daga farko, kada ka karanta sauran takardar kana jiran inda zan sauko.

Sunana Zuwaira, ma'aikaciyar haƙori. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, goma sha ɗaya daga ciki a wata ƙaramar likita, wato asibiti, a Jiratawa, inda kujerar haƙori ɗaya ce tal, kuma ni kaɗai ke tsaye a kanta. A unguwar Zariya ta nan Maraɗi nake zaune, kabo-kabo, wato babur ɗin haya, ke kai ni da safe ya maido ni da la'asar. Ban kira sunanka a nan ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba. Duk wanda ya taɓa riƙe filaya a yankin nan ya san wanda nake nufi.

Sau uku na rubuta maka a rufe, ko ɗaya ba ka amsa ba. Yanzu an kira ni gaban kwamitin ladabtarwa saboda rahoton da ka rubuta da hannunka. In suka yarda da abin da ka ce, za a raba ni da aikina, a hana ni sake buɗe bakin kowa, sunana kuma ya zama na matar da aka koya mata ta yi sakaci har yarinya ta rasa rabin fuska. Shi ya sa na kawo maganar fili. Ga ta nan daki-daki.

Na ɗaya: abin da na daɗe ina roƙo.

Aikin haƙori ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da yawa daga abin da aka koya mana a makaranta ya tsufa tun ban yi furfura ba. Sa'ad da na fito, a tukunya muke tafasa kayan aiki. Da aka kawo mani na'urar tsabtace su, ba wanda ya nuna mani kanta. Wata huɗu tana cikin kwalinta ina kewaye ta, sai da wata abokiyar aiki daga birni ta zo biki Jiratawa na tare ta da girman Allah ta koya mani. Yadda ake yi wa mai hawan jini allurar kashe zafi, yadda ake cire wa mai ciwon suga haƙori raunin ya warke, abin da ake ba mace mai ciki da abin da ba a ba ta, yadda ake cike ramin haƙori da hannu ba tare da inji ba, wanda mu da wuta ke yi wa wasan ɓuya ya fi kamata mu iya, duk a bakin mutane na tsince su, guntu-guntu, wani daidai wani ba daidai ba.

Don wannan aka kafa ofishinka. Kowace shekara takardun gayyata suna zuwa hannunka, na formasiyo, wato karatun 'yan kwanaki da ake tara ma'aikata a sabunta masu ilimi. Kowace shekara ina rubuta sunana. Amsoshinka har na haddace su: bana an riga an cike, na birni tukuna, in kin tafi wa zai riƙe Jiratawa. Wannan ta ƙarshen har daɗi take yi mani. Wautata ta kai na ɗauke ta a matsayin yabo, ina komawa gida ina hura hanci wai ni ce wadda ba a iya yi ba ita.

Na biyu: ranar da na zo ofishinka.

Rani biyu da suka wuce wata ma'aikaciya ta tsegunta mani cewa takarda ta zo daga Yamai, kwana biyar za a yi, kuma wannan karon an ambaci Jiratawa da suna. Ba ta san a kan me za a yi karatun ba. Na sallami marasa lafiya da wuri, na hau kabo-kabo, na same ka a biro, wato ofishinka, da mutum uku kuna shan shayi. Na durƙusa na gaishe ka, na faɗi abin da ya kawo ni. Takardar tana ƙarƙashin tafin hannunka, a kife. Ka dube ni kana murmushi ka ce:

"Madam Zuwaira, ai wanga na noma ne. Ke da ke Jiratawa, wa zai koya maki noma? Ku ke ci da mu da albasa da zogale."

Mutanenka suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. A lokacin ana ta yayin yin lambu a harabar likitoci don a samu ganyen da za a ba yara masu tamowa, sai na ɗauka wannan ne. Ban ce ka ba ni takardar in gani ba, don ba a koya mana mu miƙa hannu kan teburin na gaba da mu ba. Har godiya na yi maka da ka hutar da ni. Da na isa gida na ba maigidana labari, na ce saura kaɗan a kai ni Yamai a koya mani yin kunya da shuka iri, muka yi ta dariya muna cin tuwo.

Na uku: Tsahara.

Bayan wannan da kamar wata biyu, wata mata mai suna Habsu ta kawo mani 'yarta Tsahara, 'yar shekara huɗu. Mutanen wani ƙauye ne a bayan Tibiri. Ita da mijinta Isa sun zo cin rani ne, suna aikin cirar albasa a fadamar Jiratawa. Yarinyar ba ta daɗe da tashi daga baƙon dauro ba, ta rame, wuyanta kamar sillen kara. Uwar ta ce ba ta cin abinci, miyau na zuba, bakin kuma yana wari.

Na buɗe bakin. Dasashin ya yi ja, yana jini da an taɓa, can wajen turamen haƙora na ƙasa akwai ɗan gyambo mai toka-toka wanda bai kai ƙwayar wake ba. Jikinta da ɗan zafi. Na ga baki irin wannan ba adadi. Na ce datti ne da rashin goge baki. Na share mata da auduga, na ce a riƙa wanke mata da ruwan gishiri mai ɗumi, na ba da maganin zazzaɓi, na ce su dawo bayan kwana bakwai. Habsu ta tsaya a bakin ƙofa da yarinyar a kafaɗa ta ce, "Likita, ba a yi mata ko allura guda?" Na yi mata dariyar da mu ma'aikata muke yi wa mutanen ƙauye masu son allura, na ce ba kowane ciwo ke son allura ba, wannan ba komai ba ne. Da bakina na ce ba komai ba ne.

Kwana uku bayan nan aikin albasa ya ƙare, suka koma gida. Can kumatun ya kumbura. Kakar yarinyar ta ce iska ce ta taɓa ta, aka kai ta wurin mai magani, aka yi hayaƙi, aka shafa abin shafawa. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Sun riga sun je likita, likita kuma ta ce ba komai, to me ya rage in ba iska ba? Maganata ce ta zaunar da su.

Ranar kwana na goma sha biyu Isa ya ɗauko ta a kabo-kabo tun daga bayan Tibiri. Ya ratsa Maraɗi, ya wuce ƙofar babbar likita bai tsaya ba, ya zo har Jiratawa, don ni kaɗai ce likitar da ya sani. Warin ya riga su shigowa. Da ya kwance zanen da ya rufe ta da shi, sai ga baƙin tabo a kumatunta na hagu, faɗin bakin kofin shayi, ya bushe kamar gindin tukunya. Nan take wani shafi na littafin makaranta ya faɗo mani, shafi ɗaya tak, da hoton wani yaro da fuskarsa ta riga ta tafi. Malaminmu ya ce ba safai ake gani ba, ya juya shafin. Sunan ciwon ya zo mani da Faransanci, ban san sa'ad da na faɗe shi a fili ba. Na ce: noma.

Isa ya ce, "A'a likita, mun ƙare aikin, gida munka koma."

Shi albasa ya ɗauka nake nufi, kamar yadda ni ma na ɗauka a ofishinka. A wannan lokacin ne na ga hannunka a kan takardar nan da ka kife.

Ga wanda ke karanta wannan bai sani ba: noma a bakin likitoci ciwo ne da ke kama ƙananan yara masu rama, musamman bayan baƙon dauro. Daga dasashi yake farawa, cikin 'yan kwanaki ya cinye kumatu, ya kai ga ƙashi. Mutanenmu na ce masa ciwon daji, wasu ciwon iska. Takardar da ka danne, da Faransanci aka rubuta ta, kuma a Faransanci kalmar ba ta da wata gona a cikinta. Ka karanta, ka gane, ka zaɓi ka faɗa mani da Hausa, ka jingina mata albasa da zogale don kada hankalina ya je wani wuri. Za ka ce ai wasa ne, ai ya kamata ma'aikaciyar haƙori ta gane. To ka ga ban gane ba, ka ji ina yi maka godiya, me ya hana ka ce Madam, tsaya, raha nake yi?

Na huɗu: abin da na gani a babbar likita.

Ni na rungumo Tsahara a bayan kabo-kabo zuwa Maraɗi. Wani dattijon likita ya karɓe ta, kuma bayan ikon Allah shi ya tsayar da ciwon. Ta rayu. Amma naman da ya mutu sai da ya faɗi. Ta rasa kumatun hagu, da haƙora uku, da wani ɓangare na ƙashin muƙamuƙi. Da wurin ya warke sai ya ɗaure, yanzu bakinta ba ya buɗuwa fiye da shigar ɗan yatsa.

Dattijon bai yi mani faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mani sauƙi. Ya zaunar da ni ya tambaye ni yadda bakin yake ranar farko, na faɗa masa ban rage komai ba. Ya ce a wannan matakin ƙwayoyi iri biyu na kashe ƙwayar cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki sun isa su kashe maganar. Ya kira sunayen ƙwayoyin. Ranka ya daɗe, duka biyun suna cikin kabad ɗina. Ranar da Habsu ke roƙona allura, suna bayana, in na miƙa hannu zan taɓa su.

Sai ya tambayi inda nake aiki. Da na ce Jiratawa ya ɗaga kai, ya ce ai Jiratawa ta je karatun Yamai, shi yana cikin waɗanda suka koyar, kuma kwana biyu cur aka yi a kan gane ciwon tun yana dasashi. Na ce ban je ba. Ya ciro wayarsa ya nuna mani hoton da suka ɗauka ranar rufewa.

Na biyar: wadda ta je da sunana.

A layi na biyu, ta uku daga dama, ga ƙanwar matarka tsaye cikin leshi ruwan hoda, da kati rataye a wuya, sunana a jiki. Na san ta sarai. Atamfa take sayarwa, ba ta taɓa leƙa bakin kowa ba sai nata a madubi. Makonni kaɗan bayan wannan tafiyar aka yi bikinta, kuma kowa ya yi ta yaba kayan ɗakin da aka ce daga Yamai ta zaɓo su da kanta. Motar aiki ta kai ta, masaukin aiki ya sauke ta, sunana ya buɗe mata ƙofa. Ka gayyace mu bikin, na je, na ci shinkafa, na yi mata addu'ar zaman lafiya.

Kwana biyar tana sa hannu a gurbina. Takardar shaidar da aka bayar da sunana ta fito, kai kuma ka zura ta cikin dosiyena, wato fayil ɗin aikina, ba tare da na sani ba. A kwanakin nan biyar ina Jiratawa. Rajistar likitata tana nan, da rubutun hannuna, da sunan kowane mutum da na duba, da haƙorin da na cire masa. Da yawansu suna raye, kuma gurbin haƙoran yana bakinsu.

Na shida: rahotonka, da 'yan aikenka.

Da a nan ka tsaya, da wataƙila na ce kwaɗayi ne irin na ɗan Adam, na bar ka da Allah. Amma da maganar Tsahara ta kai sama aka nemi bayani daga ofishinka, sai ka zauna ka rubuta cewa ma'aikaciyar Jiratawa ta samu horo a kan wannan ciwo bai fi wata biyu ba kafin abin ya faru, ga shaida a dosiyenta, don haka sakaci ne nata ita kaɗai. Ka sa hannu, ka buga hatimi. Ka hana ni ilimin, ka ba wata kujerata, sannan ka ɗauko takardar ƙaryar ka yanka ni da ita. Wannan ne ba zan yafe ba, ko a duniya ko a gaban Allah.

Da ka ji hoton ya zo hannuna, sai ga yayanka da wani dattijon unguwarku a zauren gidanmu. Ni ba su neme ni ba, maigidana suka nema, don a ganinku mace ana kashe maganarta ne ta wajen mijinta. Suka ce a rufa wa juna asiri, kai mai iyali ne, saura kaɗan ka yi ritaya. Suka ce in na amsa laifin a gaban kwamiti za a yi mani sassauci, bayan ƙura ta lafa a maido ni birni, kuma duk karatun da ya zo nan gaba sunana ne na farko. Maigidana ya ba su ruwa suka sha, ya ce shi bai taɓa cire haƙori ba, su yi magana da mai aikin. Na fito na gaishe su da ladabi, na tambaye su ko a cikin abin da aka aiko su da shi akwai kumatu. Suka dubi juna, suka nemi takalmansu.

Kada ka ɗauka ina wanke kaina ne. Ni na buɗe bakin yarinyar nan, ni na ce ba komai. Wannan nawa ne, zan faɗe shi a gaban kwamiti kafin a tambaye ni, kuma zan tafi da shi kabari. Tun daga ranar ban sake yi wa wata uwa dariya don ta roƙi allura ba. Dattijon likitan ya ba ni littafin karatun da aka raba a Yamai, wanda ban san inda ƙanwar matarka ta jefar da nata ba, na karance shi har ya yage. Yaran da littafin ya sa na tare wa ciwon tun yana dasashi suna nan suna wasa da fuskokinsu cikakku. Duk wanda na gani a cikinsu sai in ji daɗi, sai kuma in tuna Tsahara, don abin bai fi haka wuya ba. Zan ɗauki laifin jahilcina. Ba zan ɗauki naka in haɗa da nawa don ka yi ritaya da farar riga ba.

Na bakwai: abin da nake so.

Ba zan yi maka ƙaryar cewa gyara kawai nake nema ba. Ina neman gyara, amma ina kuma son in ga ka faɗi. Ina son ka bar kujerar nan ta ƙofar baya, ba walima, ba jawabi, ba wanda zai tashi ya ce ka yi wa ƙasa hidima. Ina son mutanen nan uku da suka taya ka dariya su riƙa sauya hanya in sun hango ka. Ina son in ka shiga masallacin Juma'a ka ji ana rage murya. An ce mani wannan ba halin mumina ba ne, na ji, kuma ina istigfari a kan abubuwa da yawa, amma ban kai ga wannan ba tukuna. Hoton, da kwafin takardar sa hannu ta karatun Yamai, da shafukan rajistata, na riga na miƙa su ga kwamiti da ga waɗanda ke sama da kai. Na ajiye wasu a gidaje uku da ba ka sani ba, don na san yadda takarda ke ɓata a ofishinka.

Ga buƙatuna, gare ka da kuma masu iko da kai.

Ka janye rahoton nan a rubuce, ka faɗi wanda ya je Yamai da wanda ya tura ta. A cire takardar shaidar ƙarya daga dosiyena a gabana.

Duk takardar gayyata da ta zo, a lika ta a ƙofar ofis kowa ya karanta da idonsa, a kuma aika wa na ƙauye kwafi. Kada a sake barin mutum ɗaya ya kife ta ya fassara wa mutane yadda ya ga dama. Wanda ya je karatu a duba katinsa a duba fuskarsa, in ya dawo kuma ya tara 'yan uwansa ya koya masu abin da ya jiyo. Da an yi haka, da mai atamfa ta sha kunya tun ranar farko.

A fara da mu na ƙauye. Mu ne yaran ke fara zuwa wurinmu, lokacin da ƙwaya ke iya aiki. Na birni sai an gama lalacewa suke gani. A kuma samar wa ciwon nan suna ɗaya na Hausa da ma'aikaci da uwa za su ji su gane abu ɗaya.

A sa Tsahara cikin yaran da ake kaiwa wurin masu gyaran fuska, kuma ofishin da ya jawo mata ya bi maganar har ta tabbata. Wannan ita ce buƙatar da in aka ce in zaɓi ɗaya zan zaɓa, duk da abin da na faɗa a sama.

Saura abu ɗaya, kuma ba nawa ba ne, saƙo ne aka ba ni. Makon jiya na je ƙauyensu a bayan Tibiri. Na zauna a tabarma na gaya wa Habsu da Isa komai, har da ƙwayoyin da ke bayana ranar. Na shirya ta zage ni ko ta kore ni. Tsahara tana gefe tana shan kunu da ɗan cokali, tana karkata kai dama don kada ya zubo ta ramin. Yanzu shekararta shida. Da ɗankwali take naɗe fuskarta, ido kawai a waje, ko ubanta ba ta yarda ya gani sai dole. Yara sun daina kiranta wasa, ita ma ta daina fita. Habsu ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Ke kin taho kin hwaɗi da bakinki. Shi wancan na biro hwa? Ina son shi gan ta."

Na ce mata yarinyar ba za ta so ba, kuma ni ba zan tilasta mata ba. Sai Habsu ta juya ta tambaye ta a gabana, ta ce akwai wani mutum a birni da ya kamata ya ga abin da ya same ta, ko za ta yarda. Tsahara ta ajiye cokalin, ta dube ni, ta gyaɗa kai.

Saboda haka ranar zaman kwamiti ba ni kaɗai zan zo ba. Za su zauna a benci na gaba, daidai inda kujerarka ke fuskanta. In aka kira ka ka tashi ka karanta rahotonka, Habsu za ta kwance ɗankwalin da hannunta. Ka karanta shi har ƙarshe in za ka iya.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya, kada ko ciwon kai ya same ka kafin ranar, kada mota ta lalace maka a hanya. Allah ya ƙara maka hasken ido. Allah ya tsare 'ya'yanka da jikokinka daga abin da za ka gani, don su ba su yi wa kowa komai ba. Allah ya ba ka tsawon rai, da ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa.

Wassalam.

Ni ce,
Zuwaira, ma'aikaciyar haƙori, Jiratawa.